Farfaɗo da tsohuwar Land Cruiser 75: daga shasi ake farawa, ba daga fenti ba

Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Dirku, ko ya taɓa shiga ƙauyukan bakin Tafkin Chadi da damina, ya san motar da ake magana a kai. Toyota Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, samfurin 75. Kamfanin Toyota ya fito da jerin 70 a shekarar 1984 domin maye gurbin jerin 40, kuma 75 ita ce doguwar cikinsu, tazarar tayar gaba da ta baya milimita 2,980, da sifirin mai falle-falle gaba da baya. Na farko-farko masu shan dizal injin 2H ko 3B gare su. Daga 1990 aka koma sa musu 1HZ, mai silinda shida a jere, lita 4.2, ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ba shi da kwamfuta. A 1999 aka sauya ta da 78 da 79, inda sifirin gaba ya koma mai naɗi, notin taya kuma ya sauka daga shida zuwa biyar. Riƙe wannan bambanci, domin da shi za ka je kasuwar kayan gyara. Kayan ƙafar 79 da yawa ba sa hawa 75, ko da mai shago ya rantse maka duk ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu farfaɗo da irin wannan mota shi ne tsarin aiki. Mutum ya sayo ta, satin farko ya kai ta wurin mai fenti, ya sa sababbin kujeru da manyan tayoyi, sai daga baya a gano shasi ya tsage, dole a ɗaga bodi, fentin da aka kashe wa kuɗi ya sha walda. Tsarin da ya dace shi ne a fara da takarda, sai shasi, sai ƙafar gaba da birki, sai inji da ruwansa, sai wayarin. Fenti shi ne na ƙarshe.

Maganar takarda gajeriya ce. Lambar da aka buga a jikin shasi ta zama ɗaya da wadda ke kan farantin bodi da wadda ke cikin takardun kwastan. Idan ka ga alamar an goge wurin ko an yi walda kewaye da lambar, ka bar motar komai arharta.

Shasi

Motocin nan iri biyu ne a kasuwanninmu, kuma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Wadda ta yi rayuwarta a sahel ba ta cika tsatsa ba, amma lodi ya gama da ita, sai ka samu tsagewa a wurin da maƙalan sifirin suka haɗu da shasi, da kewayen akwatin sitiyari. Wadda aka shigo da ita daga Turai ta tashar Kwatano kuwa, gishirin da suke zubawa kan titi lokacin ƙanƙara shi ne ya ci ta, kuma daga ciki yake cin ta. Shasin rufaffe ne kamar akwati, waje na iya yin kyau alhali ciki ya zama garin tsatsa.

A wanke shi da ruwa mai ƙarfi, a bar shi ya bushe, sannan a bi shi da ƙaramar guduma taku-taku. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum" kamar an buga kwali. A dage a kan ƙarfen da ya gitta ta can baya da kuma wajen maƙalan sifirin. A auna shasin a gicciye, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan akasin haka. In awon biyu ya bambanta da fiye da 'yan milimitoci, motar ta taɓa bugawa, kuma za ta yi ta cin taya gefe ɗaya har sai an miƙe ta.

Inda aka samu tsaga, ba a bin ta da walda kawai. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba, a fafe bakinta da giranda, a cike da walda, a goge, sannan a ɗora faranti mai kaurin ƙarfen shasin, wanda aka yanka da tsini a gefe biyu kamar ganye. Dalilin tsinin shi ne, farantin da aka yanka murabba'i yana barin layin walda a tsaye, kuma a jikin wannan layin sabuwar tsaga za ta fito. Kafin a kunna injin walda a cire kan batir. Bayan an gama a shafa fentin hana tsatsa a waje, a fesa mai mai kauri ko kakin hana tsatsa a cikin ramukan.

Ƙafar gaba

A nan ne aikin ya fi yawa, kuma a nan ne ake gane bakaniken da ya san motar. A kowane ƙarshen aksil ɗin gaba akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwarya, wanda taya ke juyawa a kansa idan an murza sitiyari. A cikinsa gaɓar da ke kai ƙarfi ga taya take, wadda ake kira Birfield, kuma cikin giris take kwana. Tsakaninta da man giyar aksil akwai oyil sil guda ɗaya ƙarami. Da zarar ya mutu, man giya ya gangaro ya haɗu da giris. Idan ka buɗe irin wannan ƙafa, abin da zai zubo maka baƙin ruwa ne mai kauri kamar kunun da ya kwana, yana warin man giya, kuma tun daga waje za ka ga ya jiƙe bayan taya ƙura ta manne. Wannan ruwan ba ya riƙe boris, kuma yakan kai ga birki.

Gyaransa a yi shi gaba ɗaya, ɓangare biyu a lokaci guda. Akwai kayan da ake sayarwa a haɗe: sil na ciki, boris biyu na sama da ƙasan ƙwaryar, zoben roba da na auduga masu share ƙura, gasket-gasket, da sil na hob. Notin hob sai da soket mai lamba 54. Kada a yarda a kwance shi da kurfi da guduma, domin a nan ake lalata zaren. Lokacin kwancewa za a samu wasu siraran faranti a ƙarƙashin hannun sitiyari ta sama da murfin ƙasa. Na sama a ɗaure su daban, na ƙasa daban, na dama daban da na hagu. Su ne ke tsayar da sandar aksil a tsakiyar sil. In aka cakuɗa su, sabon sil ɗin ba zai yi wata uku ba zai fara yoyo, a ce kayan ne jabu, alhali haɗin ne bai yi daidai ba.

Bayan an sa sababbin boris, kafin a mayar da zoben share ƙura, a maƙala ƙaramin sikeli mai ƙugiya a ramin tayarod a ja. Ƙwaryar ta motsa a tsakanin kilo 3 zuwa 6. In ta yi sako-sako a rage faranti, in ta yi tauri a ƙara, kuma abin da aka rage ko aka ƙara a sama, a yi daidai da shi a ƙasa. Notocin hannun sitiyari ana ɗaure su da sifana mai awo, a kan 96 Nm. Waɗannan notoci huɗu rai ne a kansu, in suka kwance taya na iya ballewa ana cikin gudu. Giris mai sinadarin moli, baƙin nan, shi ake cusa wa Birfield a kuma cika ƙwaryar da shi kamar kashi uku cikin huɗu. Boris ɗin taya kuma nasa giris daban ne, mai jure zafi. Idan kuwa motar tana ƙas-ƙas a kwana lokacin da aka sa mata ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, gaɓar kanta ta cinye, giris ba zai dawo da ita ba.

Rawar sitiyari da ke tasowa a wajen gudun kilomita 60 zuwa 80 kusan kullum daga nan take, ko daga kan tayarod, ko bushin sifirin da suka mutu. Sa sabon shokan sitiyari ɓoye ciwon kawai yake yi.

Birki a sake masa duk robobin tiyo, domin tsohon tiyo yana kumbura ta ciki ya riƙe taya. A zubar da tsohon man birki a sa sabon DOT 3. A baya, kusa da aksil, akwai wani bawul mai doguwar sanda da ke rage wa tayoyin baya ƙarfin birki idan motar ba ta da kaya. Shi ma yana da nasa notin fitar da iska, kuma shi ake yi a ƙarshe bayan an gama tayoyi huɗu, an fara daga mafi nisa da masta. Da yawa kan manta shi, birki ya yi ta laushi a rasa dalili.

Inji

Kada a yi gaggawar sauke 1HZ. Inji ne mai haƙuri, kuma sau da yawa hayaƙin da ake zaton na ringi ne, na nozil ne. A fara da awon matsin silinda ta ramin hita fulogi, inji yana da ɗumi. Lafiyayye yana ba da kilo 37 a kan kowace santimita murabba'i ko sama da haka, mafi ƙaranci da ake yarda da shi 27, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. In awon ya yi kyau, a bar ƙasan injin yadda yake. A kai nozil shida wurin masu gwaji, su buɗe a matsin kilo 135 zuwa 155 a kan kowace santimita murabba'i, feshinsu ya fito kamar hazo, ba ɗigo ba. A duba gibin bawul inji na sanyi: na shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45. Ba da noti ake saita su ba, da wasu ƙananan faranti ne masu kama da kwabo, kowanne da kaurinsa, shi ya sa ake yawan tsallake aikin.

Tayimin bel kuwa ba a tambayar tarihinsa. A canza shi ranar farko tare da boris ɗin da ke ɗame shi, sannan duk kilomita 100,000. In ya tsinke fistin da bawul za su yi karo, aikin awa biyu ya koma sauke kan inji.

Idan awo ya nuna dole a buɗe, abu biyu ne ba a sakaci da su. Bulok ɗin ba shi da silif daga kamfani, don haka ana faɗaɗa ramin ne a sa fistin mai ƙarin milimita 0.50. Sannan gasket ɗin kan inji kauri daban-daban gare shi, ana zaɓensa gwargwadon yadda fistin ya ɗago sama da fuskar bulok, sai an auna. A kuma duba ƙananan kofunan ƙonewa da ke cikin kan injin. 'Yar siririyar tsaga a bakinsu abu ne da aka saba gani, amma wadda ta yi tsawo ko kofin da ke motsi, a sauya.

Abin da ke kashe wannan inji a ƙasashenmu zafi ne, da ƙura, da gurɓataccen mai. Al'adar cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi kuskure ce babba a wannan injin. Tamostat ɗin yana da wani faifai a gindinsa da ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya ɗau zafi, ya tilasta wa ruwan bi ta lagireto. In an cire shi, wani kaso na ruwan zai yi ta kewaya cikin inji bai ga lagireto ba. A sa sabo. A kai lagireto a buɗe a zuge bututunsa, ko a saya sabo in ya toshe da yawa, da sabon murfi mai matsin 0.9 na ma'aunin bar. Ruwan rijiya yana barin farin dutse a ciki, don haka ruwan kulan ake zubawa, wanda aka haɗa da tataccen ruwa. Fankar tana da wani kulochi mai man silikon a ciki. Inji na da zafi, a kashe shi a juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka ba turjiya, ta daina aiki, kuma ita ce ke sa mota zafi a cikin yashi ko hawan tudu da kaya. Allurar zafi ta kan dashbod ba ta cika motsi daga tsakiya ba sai abu ya yi nisa, saboda haka ƙarin agogon zafi mai nuna lamba yana cikin abubuwa mafi amfani da za a ƙara wa motar.

Famfon injekta irin mai juyawa ne, kuma dizal ɗin da ke ratsa shi shi ne man da ke sa masa santsi. Dizal da aka gauraya da kananzir, ko mai ruwa daga jarka, a hankali yake cinye cikinsa. A wanke tanki, a sauya filta, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindinta. Ƙara filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali kuɗi kaɗan ne in aka kwatanta da gyaran famfo. Baƙin mai 15W-40 na injin dizal, kusan lita 10 gwargwadon shekarar motar, duk kilomita 5,000.

Akwatin giya na yawancin 75 masu 1HZ shi ne H55F mai giya biyar. A buɗe notin cika mai nasa da na akwatin ogzilari a rana ɗaya. In na giya ya yi ambaliya na ogzilari kuma ya yi ƙasa, sil ɗin tsakaninsu ya mutu. In kuma ana jin "kwal" duk lokacin da aka taka totur ko aka saki, bayan an tabbatar kuros ɗin furofela lafiya suke, haƙoran sandar da ta haɗa akwatunan biyu ne suka cinye. A kuma tuna motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, don haka ba a tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta.

Wayarin a fara tabbatar da ko motar mai bolt 12 ce ko 24, domin akwai iri biyu, kuma kik da altaneta da hita fulogi ba sa musanya. A cire duk wayoyin da aka yi ta liƙawa tsawon shekaru, a goge wuraren da wayar ƙasa ta kama bodi da inji, a dawo da fiyus na gaskiya inda aka naɗa zaren waya.

Abin da ya cancanci ƙari

Ɗaga mota da milimita 50 ya wadatar. Sababbin sifirin, da bushin, da shoka masu tsawon da ya dace, da sababbin ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. A zaɓi taurin sifirin baya bisa kayan da motar ke ɗauka kullum. Ƙara falle uku-huɗu barkatai yana mayar da duk dukan hanya kan shasi, tsagar da aka gyara ta dawo. Bayan ɗagawa sai an gyara abubuwa uku: tsawon tiyon birki, sandar bawul ɗin birkin baya wadda yanzu za ta ɗauka motar ba kaya ko da an loda ta, da kuma kwanciyar aksil ɗin gaba, wadda ake dawo da ita da siririn weji in sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa.

Tayar asali 7.50R16 ce. Mai lamba 235/85R16 kusan tsayinsu ɗaya, kuma ita ce zaɓin da ya fi dacewa, a kan rim na ƙarfe marar tub. Tsohon rim mai zobe yana da sauƙin faci a daji, amma zoben da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe yana iya fallewa lokacin ba da iska, kuma yana kisa. Manyan tayoyi masu faɗi kyan gani kawai gare su a wannan mota. Injin doki 130 ne ko ƙasa kaɗan, za su kashe masa giya ta biyar, su ƙara shan mai, su wahalar da Birfield da ƙaramin difaren gaba, wanda dama ba ya son a fizgi kaya da ribas. A yashi rage iska zuwa wajen 18 ko 20 na ma'aunin psi ya fi kowace babbar taya aiki, muddin akwai famfon mayar da iska a mota.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa sama gefen gilashi ya fi amfani don ƙura a kan don ruwa, musamman da hunturu ko in ana tafiya a ayari. A liƙe duk mahaɗansa sosai. A kuma ja wa ramukan numfashin aksil biyu da akwatunan giya siririn tiyo zuwa sama cikin bonet, saboda aksil mai zafi in ya faɗa ruwa, tsotsar ruwan yake yi ta sil.

Saura tabo, wadda kowa ke tambaya. 1HZ ba a gina shi don ita ba. Yana matse iska a cikin silinda fiye da ninki 22, fistin ɗinsa da kofunan ƙonewarsa ba irin na ɗan'uwansa 1HD-T ba ne, wanda Toyota ta ƙera da tabo tun daga kamfani a 1990. Ana iya sa masa, amma da sharaɗi: inji mai cikakkiyar lafiya, matsin iska kada ya wuce 7 zuwa 10 na ma'aunin psi, kada a buɗe wa famfo mai da yawa, a faɗaɗa salansa, kuma dole a sa agogon zafin hayaƙi, direba ya sassauta ƙafa da zarar ya doshi digiri 550 a bayan tabo. Motar da direbobi daban-daban za su riƙa karɓa suna lodi da ita, ra'ayina a bar ta yadda take. Wanda ƙarfi yake nema da gaske, dasa 1HD-T gaba ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali.

Sai yanzu bodi. A cire gilashin gaba a duba bakin firam ɗinsa, da magudanar rufi, da ƙasan ƙofofi, da daɓen ƙarƙashin tabarma. Ruɓaɓɓen wuri a yanke a dasa sabon ƙarfe, kada a cike rami da bodi fila, domin gargadar hanya za ta zubar da shi. A sauya robobin da bodi ke zaune a kansu, a sa firamare mai hana tsatsa a kan tsuran ƙarfe kafin fenti. Fari ko ruwan ƙasa sun fi jure rana, kuma sun fi sauƙin faci.

Bayan motar ta hau hanya ta yi kilomita 500 na farko, a dawo da ita gareji a sake bin notocin sifirin, da na hannun sitiyari, da na taya, da na sandar aksil ta baya da sifana mai awo, domin sababbin kaya suna zama su saki. A ɗaga gaba a girgiza kowace taya sama da ƙasa a ji ko boris ya yi wasa. In an buɗe inji, a zubar da baƙin man farko da filtarsa a kilomita 1,000, kuma kafin nan kada a ɗora mata cikakken lodi.